Kangayen tsakiyar gari: a fara da rufi da takarda kafin fenti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu sa baki a zancen farfaɗo da tsakiyar gari, musamman a matsakaitan birane, inda mutum zai bi babban titi ya tarar da benaye hawa uku hawa huɗu, a ƙasa shago ɗaya buɗe biyu a garƙame, a sama kuwa babu kowa sai tantabaru. Duba tsofaffin gine-gine da lissafin kuɗin gyaransu ita ce sana'armu, shi ya sa muke son bayyana abin da ake yawan tsallakewa.

Duk lokacin da hukumar birni ta tashi yin wani abu, zane ake fara nuna wa jama'a: sabon dandali, daɓe mai launi, fitilu a jere, wani katafaren gini da za a yi bikin buɗewa. Ba mu ce waɗannan ba su da amfani ba, sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Abu biyu ne ke mayar da gini kango, ruwan da ke shiga ta sama da rikicin takardar mallaka, kuma dukkansu ba sa fitowa a hoton zane.

Bari mu fara da ruwa, don a nan ne asarar ta fi yawa kuma maganin ya fi arha. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 300, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, ya karɓi lita 15,000 a dare guda. Duk wannan ruwan ta bakin indararo biyu ko uku zai fita. A ginin da ke da mutane, leda ta toshe bakin, wani ya ga ɗigo a ɗakinsa, ya hau ya cire. A kango babu mai gani. Ledar ta tara ƙura da ganye da kashin tsuntsu, iri ya faɗa ya tsiro, saiwa ta bi tsagin siminti tana buɗe shi. Ruwan da ya kwanta zurfin santimita 10 a kan shimfiɗaɗɗen rufi nauyin kilo 100 ne a kowane murabba'in mita, rufi da yawa kuma ba a yi su don ɗaukar wannan na tsawon makonni ba.

Daga nan sai ya danganta da abin da aka yi ginin da shi. In katako ne ke ɗauke da rufi da benen, da zarar danshinsa ya wuce kashi 20 cikin ɗari ya zauna a haka, ruɓa ta kama. Inda take farawa shi ne bakin katakon da ke cuse cikin bango, wurin da ido ba ya kaiwa. Za ka ga tsakiyar gungumen garas, ka soka sukudireba a bakinsa ta shige kamar cikin soso. In kuwa kankare ne, abin da ke kare rodi daga tsatsa shi ne kaurin kankaren da ya lulluɓe shi, yawanci milimita 25 zuwa 40. Iska da danshi na cin wannan kariya sannu a hankali. Ranar da suka kai ga rodi, tsatsa ta fara, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa girma ninki biyu ko fiye, sai ta tunkuɗo kankaren daga ciki ya ɓantale. Gwajin ba shi da wuya: a ƙwanƙwasa ƙasan rufin kankaren da ƙaramar guduma, inda ya yi amon tulu fanko ya riga ya saki. A fasa ɗan wuri a fesa ruwan gwaji na finolftalin, inda ya yi ja-ja kariyar na nan, inda bai sauya launi ba ta tafi. A ƙasashen sanyi kuma akwai ƙarin masifa, ruwan da aka bari cikin bututu ya daskare ya fasa shi, da ɗumi ya zo ya malale ginin daga hawa na sama har ƙasa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Taga ɗaya ta fashe, masu neman ƙarfe sun shigo. Wayar tagulla suke so da bututu da kwanon rufi, amma kafin su zare wayar sun farfasa bango da silin, ɓarnar ta ninka kuɗin abin da suka ɗauka sau da yawa. Bayansu masu neman makwanci, bayansu wuta.

Kada a ɗauka matsalar mai ginin ce shi kaɗai. Ranar 5 ga Nuwamba, 2018, benaye biyu maƙwabtan juna suka rufta a titin Aubagne da ke Marseille a Faransa. Ɗaya kango ne da aka toshe, ɗayan da mutane a ciki, mutum takwas suka rasu. A tsofaffin unguwanni gine-gine jingine suke da juna, lalacewar ɗaya tana jan na kusa. Ranar 3 ga Disamba, 1999, 'yan kwana-kwana shida suka mutu a wani tsohon ɗakin ajiyar sanyi da aka bari a Worcester ta jihar Massachusetts a Amurka, sun shiga ne neman marasa gida da aka ce suna kwana a ciki. Saboda irin wannan ne garuruwa da dama ke liƙa babbar alama a gaban kangon da bai kamata a shiga ba, don masu kashe gobara su sani tun daga titi.

To, aikin farko ƙidaya ce, kuma da ƙafa ake yinta. Mutum biyu da takarda da kyamarar waya za su iya gama tsakiyar matsakaicin birni cikin 'yan makonni. Kowane gini a rubuta hawa nawa ne, wane hawa ne da mutane, yaya rufi yake, akwai tsaga ko babu, sunan wa ke kan takarda, nawa ake bin sa haraji. A ƙidaya hawayen sama daban, don nan ne ake yin kuskure: ana ganin shago buɗe a ƙasa sai a rubuta cewa ginin na aiki, alhali kashi uku cikin huɗu na filinsa a rufe yake. A gwada abin da aka gani da bayanan mitar ruwa da ta wuta. Mitar da ba ta motsa ba wata shida ta fi kowane mai gida faɗin gaskiya. Game da tsaga, wadda ba ta kai milimita 5 ba galibi ta filasta ce. Daga 5 zuwa sama a kira injiniya. Wadda ta wuce 25, ko bangon da ya yi ciki ya turo waje, a tokare shi a killace hanyar da ke ƙasansa a ranar. Tsagar da ke hawa a karkace kamar matattakala, ta fi faɗi a sama, harsashi take nunawa. A manna mata ma'auni a riƙa dubawa duk wata, domin tsohuwar tsaga da ta tsaya da wadda ke ci gaba da buɗewa ba maganinsu ɗaya ba.

Aiki na biyu shi ne tsayar da lalacewa a duk ginin da ake sa ran ceto, ko da ba a san abin da za a yi da shi ba tukuna. A share indararo sau biyu a shekara, a toshe yoyo, a cire duk abin da ya tsiro. A yanke wuta daga waje, a rufe ruwa a zubar da na cikin bututu, a kwashe shara da duk abin da zai ci wuta. Ƙofofi da tagogin ƙasa a rufe su da filawud mai kaurin milimita 18, a ɗaure da dogayen ƙusoshi masu noti da za su ratsa har cikin katakon da aka gicciye ta ciki, kan ƙusar mai santsi yana waje. Wanda aka buga da ƙusa kawai, ƙarfen ɓanɓara ɗaya ya ishe shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe gini ruf babu mashigar iska. Danshi ya tattaru a ciki, cikin 'yan watanni funfuna ta cinye abin da ɓarayi suka bari. A bar ƙananan kafofi masu raga a kowane hawa, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna. Kuɗin wannan duka bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da sake rufi da bene, kuma inda doka ta yarda hukuma na iya yin aikin ta ɗora kuɗin a kan ginin a matsayin bashi.

Yanzu sai takarda. Mutane kan yi mamakin yadda mai hankali zai bar bene a tsakiyar gari ba haya. Dalilan ba su da yawa, kuma kowane da maganinsa daban. Wani ginin magada ne goma sha, wasu ba a san inda suke ba, babu mai ikon sayarwa ko jinginarwa shi kaɗai. Wani na kamfanin da ya mutu ne. Wani mai shi na jiran farashin fili ya tashi, harajin da yake biya kuma bai kai ya dame shi ba. Akwai kuma wanda ya karɓi bashin banki bisa ƙimar da aka lissafa da tsohon kuɗin haya. In ya rage haya ya sami ɗan haya, ƙimar ginin ta faɗi a takarda, banki ya taso shi, don haka ya gwammace shago a rufe da allon neman haya a kai shekara da shekaru. A ƙasashe da yawa tsarin harajin kansa yana taimaka wa sakaci: ka gyara gininka ƙimarsa ta hau a ƙara maka haraji, ka bar shi ya ruɓe a rage maka.

An gwada magunguna kuma an ga iyakarsu. A 2011 Philadelphia ta Amurka ta fara tilasta dokar da ta ce kangon da ke layin da kashi 80 cikin ɗari na gidajensa ke da mutane dole ya kasance da ƙofofi da tagogi na gaske, ba katako ba, in ba haka ba tarar dala 300 a kowace kafa a kowace rana. A Baltimore, ita ma a Amurka, hukuma na kai ginin kotu, in mai shi ya kasa gyarawa kotu ta naɗa mai riƙo ya yi gwanjonsa ga waɗanda aka tantace suna da ƙarfin gyara. Jihar Michigan ta gajarta lokacin ƙwace kadarar da ba a biya wa haraji a 1999, sannan a 2004 aka kafa hukumar rumbun filaye a gundumar da birnin Flint yake, aikinta ta karɓi irin waɗannan kadarori, ta wanke takardarsu daga tsofaffin basussuka, ta miƙa su ga mai amfani da su. A Ingila, daga Disamban 2024, majalisar gari na iya yin gwanjon hayar shagon da ya yi fiye da shekara guda a rufe cikin shekaru biyu, a ba da hayar ta tsawon shekara ɗaya zuwa biyar, ko mai shi bai so ba. Harrisburg ta jihar Pennsylvania a Amurka kuwa tun 1975 take sa wa fili haraji mafi nauyi fiye da ginin da ke kansa, don gyara kada ya zama laifi. Pittsburgh ta daɗe tana yin haka, ta daina a 2001 bayan sabon ƙiyasin ƙimar filaye ya harzuƙa jama'a, abin da ke nuna cewa tsarin ba ya tsayawa sai da ƙiyasi mai kyau da ake sabuntawa.

Gargaɗinmu ɗaya ne a nan. Tara da harajin kango suna aiki ne inda akwai masu son shiga. Inda kasuwar ta mutu, tarar sai ta taru ta fi ƙimar ginin, mai shi ya gudu, mai saye ya ƙi taɓawa. Duk dokar tara da ba ta da ƙofar da ginin zai sauya hannu da takarda mai tsabta, ƙara ɗaure kangon kawai take yi. Haka kuma gwanjo ba sharaɗi: wanda ya saya da arha don ya jira, an sauya suna ne kawai a fayil. A sa wa'adi a takardar sayarwa, rufi cikin wata shida, shiga cikin wata goma sha takwas ko shekara biyu, in aka saɓa ginin ya koma hannun hukuma.

Ko an warware takarda, akwai giɓin kuɗi. A ce saye da gyara za su ci 100, amma bayan an gama ƙimar ginin a kasuwar garin 70 ce. Banki zai ba da bashi ne a kan 70 ɗin, kuma ba dukkanta ba. Babu ɗan kasuwan da zai shiga, komai son garinsa. Wannan 30 ɗin ita ce kawai ya kamata kuɗin gwamnati ya cike, gini bayan gini, bayan an ga lissafi, kuma a biya bayan an duba aiki, ba kafin a fara ba. Gwamnatin Amurka na yafe harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na kuɗin gyaran ginin tarihi mai kawo kuɗin shiga. Calgary ta Kanada ta fara a 2021 tana ba da dalar Kanada 75 a kan kowace ƙafa murabba'i ta ofishin da aka mayar gidan zama. Faransa ta zaɓi matsakaitan birane 222 a 2018 ta ware musu yuro biliyan 5 na shekaru biyar. A lissafin tsohon gini a ajiye kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari don abin da ba a gani ba sai an buɗe bango. Wanda ya ajiye kashi 5 kamar sabon gini, a tsakiyar aiki zai tsaya, ginin da aka cire wa rufi aka bari kuwa gyaran gangar auzinawa ke nan.

A ganinmu abin da ya fi dacewa da hawayen sama shi ne gidajen zama, domin mazauna ne ke sa titi ya rayu bayan an tashi daga ofis, su ne kuma kwastomomin shagunan ƙasa. Amma ba kowane gini ke karɓar wannan ba. Hasken rana na shiga ɗaki kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman taga, wato mita shida zuwa bakwai. Tsofaffin benaye da aka gina kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki sirara ne, tagoginsu na buɗuwa, suna da sauƙin rabawa. Faffaɗan ofis na zamani da ke da mita 14 ko fiye daga taga zuwa tsakiya yana barin duhu a ciki da ba ɗakin kwanan da zai zauna, sai an huda tsakiyarsa an yi farfajiya, wannan kuma aiki ne mai tsada. Nauyi ba matsala ba ne, don benen ofis an yi shi ne ya ɗauki kilo 250 zuwa 300 a murabba'in mita, na gida kuwa 150 zuwa 200 ya isa. Haɗarin yana wajen mai mayar da hawan sama sito ya jibge kaya.

Aikin famfo ne ke cin kuɗi. Ofis na da bayi a wuri ɗaya a kowane hawa, gidaje kuwa kowanne na son nasa da kicin. Bututun ƙazanta mai faɗin milimita 110 na bukatar gangaren kamar santimita biyu a kowace mita, tafiyar mita goma ta cinye santimita 20 na tsayin ɗaki. Don haka a jera bayi bisa bayi daga sama har ƙasa. Kafin a huda kankare a bi shi da na'urar gano ƙarfe, musamman a benen da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe da aka ja, domin yanke ɗaya daga cikinsu na iya raunata hawa guda. A gwada silin da daɓe da lulluɓin bututu ko akwai asbesto, wato ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu, a gwada tsohon fenti ko akwai dalma, kafin lebura ya ɗaga guduma. Tsakanin shago da gidan da ke samansa a yi shinge da zai tare wuta aƙalla awa guda. Sannan abin da ke ba mutane mamaki in an shiga: sau da yawa babu hanyar hawa. Shekaru da suka wuce mai shago ya cire matattakalar da ke fita titi don ya faɗaɗa gabansa da mita ɗaya, sama ta zama ba a kai mata sai ta cikin shagon. Dawo da ita na nufin rage shago, ko a haɗa gine-gine biyu ko uku su yi tarayya a matattakala ɗaya da lif ɗaya ta baya, abin da ke bukatar yarjejeniya a rubuce tsakanin masu su.

Wani lokacin dokar gini ce ke hana gyaran. In aka ce duk wanda ya taɓa tsohon gini sai ya kai shi matsayin sabo ta kowace fuska, kowa zai ja hannu. Jihar New Jersey ta Amurka ta fitar da dokar gyara ta daban a 1998, wadda ke auna abin da za a nema daga mutum da girman aikin da zai yi, ba tare da sassauta hanyar tsira daga gobara ba. Buffalo ta soke tilasta samar da wurin ajiye motoci a duk faɗin birnin a 2017. Wannan tilas ɗin shi ne ya sa aka rushe gine-gine masu lafiya a garuruwa da yawa don a samar wa na kusa da su fili.

Rusau na da wurinsa, in harsashi ya tafi ko wuta ta cinye ƙarfin ginin. Sai dai kafin katafila ta zo a san abin da zai maye gurbin. A tokare bangon maƙwabci da za a tone, a yi masa filasta da kariyar ruwa, don bango ne na ciki da bai taɓa ganin ruwan sama ba. A cire harsashi da ɗakin ƙasa a cike da ƙasa mai kyau ana dannewa, kada a tura ɓaraguzai cikin rami a rufe, domin mai gini na gaba shi zai biya kuɗin haƙo su. Layin shaguna da aka cire wa gini ɗaya a tsakiya kamar baki ne mai giɓi, masu tafiya a ƙasa kan juya daga nan.

Hana motoci shiga babban titi ba ya kawo mutanen da ba sa nan. A Amurka, Kalamazoo ta yi haka a 1959, Fresno a 1964, daga baya ta farko ta sake buɗe wa motoci wani sashe a 1998, ta biyu ta sake buɗewa a 2017. Kuma kada a warwatsa ɗan kuɗin da ake da shi a duk faɗin gari. A zaɓi layi biyu ko uku da har yanzu ke da motsi a gama da su, sannan a matsa gaba. Kafin babban gyara ya zo, shagon da rufinsa da wayarinsa ke da lafiya ana iya ba masu ƙananan sana'o'i aro. A Newcastle ta Ostireliya an fara haka a 2008 da yarjejeniyar kwana 30 da ake sabuntawa, mai shago ya san zai karɓi abinsa da ya sami ɗan haya, wanda ke ciki kuma shi zai ga ɗigon farko. Inda aka tarar da mutane na kwana a kango, a nema musu wuri kafin a toshe ƙofa, in ba haka ba kangon gaba za su koma.

Roƙonmu gare ka, Edita, shi ne idan wakilanka sun je taron ƙaddamar da shirin farfaɗo da tsakiyar gari, su tambayi magajin gari gine-gine nawa ne a rufe, hawa nawa ne na sama babu kowa, nawa ne ba a san mai su ba, kuma nawa aka ware a kasafin bana don rufi da indararo. Bayan shekara guda su koma da tambayoyin nan, su kuma nemi adadin mitocin ruwa da suka dawo aiki a layukan da aka zaɓa.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi da masu ƙiyasin aikin gini